Ramuka a gindin ɗakin kaji: yaya zan raba kajina da gafiya da ɓeraye?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Ina da kaji masu ƙwai guda 120 a wani ɗakin jar ƙasa da ke bayan gidanmu a wajen garin Zariya, kuma daɓen ƙasa ne a cikinsa, wanda nake shimfiɗa wa buntun shinkafa. Tun da aka kwashe masarar gonar da ke maƙwabtaka da mu na fara ganin ramuka a gindin bango ta gabas, biyu ƙanana, ɗaya kuwa hannu zai shiga cikinsa. Sau uku ina toshe su da laka da fasassun kwalabe, amma gari na wayewa sai in tarar da sabon rami kusa da wanda na toshe. Abinci yana ƙarewa kafin lokacinsa, ƙwai ya ragu, shekaranjiya kuma na tsinci 'yan tsaki biyu a mace da rauni a wuya. Maigidana ya ce a sa guba a huta, ni kuwa ina tsoron kada ta koma kan kajin ko yaran gida. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani dattijo mai kiwo daga Funtuwa:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya mayar da alheri. Kafin ki kashe ko kwabo, ki san wanda kike faɗa da shi. Ki barbaɗa toka mai laushi a bakin kowane rami da magariba, da asuba ki duba sawu. Babban ramin nan na fi zaton na gafiya ne, domin ita ce ke cika kumatu da hatsi ta kai rami ta tara, shi ya sa abinci ke ɓacewa da yawa haka. Idan kika ga jan ciki babu sawun ƙafa, to maciji ya gaji ramin, kada kowa ya sake sa hannu a ciki. Sannan ki tuna Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Buhunan abinci su koma cikin duro na ƙarfe mai murfi, a ɗauke mazubin abinci da dare tunda kaza ba ta ci a duhu, a kwashe ƙwai kafin faɗuwar rana, a kuma share ciyawa da tarkacen da ke jingine da bangon.

Wani magini daga Kano:

Hajiya, abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, amma maganin da zai daɗe yana gindin ginin. Laka ba ta tsayar da dabbar da sana'arta haƙa ce. Abin da ke tsayar da ita shi ne ragar ƙarfe mai kauri wadda ba ta saurin tsatsa, mai ido rabin inci. Kada a sayar miki da siririyar wayar kaji da aka saba sa wa tagogi, domin idonta ya yi faɗi, ɓera yana ratsawa, kuma ƙasa tana cinye ta cikin ɗan lokaci.

A ginin bulo muna haƙa lambatu mai zurfin ƙafa ɗaya da rabi a kewaye, mu saukar da ragar, mu lanƙwasa ƙasanta ya fuskanci waje kamar ƙafa ɗaya, sannan mu mayar da ƙasa. Amma tunda naki ginin ƙasa ne, ban yarda a haƙa masa gindi ba, don na sha ganin bangon da ya zauna saboda wannan ganganci da damina ta sauka. Gara a kwantar da ragar a kan ƙasa, faɗin ƙafa 2 daga bango, a ɗaga gefenta ɗaya ya hau bangon a kama shi da siminti, a kafe sauran da turakun ƙarfe, a zuba tsakuwa a kai. Dabbar tana fara haƙa ne daga jikin bango, da ta ci karo da ƙarfe sai ta rasa hanya. Daga ciki kuma a yi daɓen siminti mai kaurin inci 3 zuwa 4, a kuma buga falle na kwano a ƙasan ƙofa, domin nan ne ake yawan mantawa.

Wani matashi:

Ni ƙwayar da ake sa wa a buhun wake nake jefawa cikin ramin in toshe, kuma tana aiki nan take.

Wata ma'aikaciyar lafiya:

Ɗan'uwa, don Allah ka janye wannan shawara. Ƙwayar nan da ta sha danshi take fitar da iska mai guba wadda ke kashe mutum, ramin kuma yana da baki a cikin ɗakin kajin, ɗakin kuwa yana jikin gidan da yara ke kwana. Ko gubar ɓera ta kasuwa ma tana da haɗari, domin kaza tana tsattsagar ƙwayar, kyanwa kuma tana iya mutuwa idan ta ci ɓeran da ya sha gubar. Tarko ya fi aminci, a ɗana shi a jikin bango cikin akwati mai ƙaramar ƙofa yadda kaza ba za ta kai gare shi ba. Hajiya, ina ƙara jan hankalinki kan zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969. Wani nau'in ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi, kuma da rani ya fi tsananta. Kada a ɗauki mushen ɓera da hannu, kada a bar yara su gasa abin da tarko ya kama, a yayyafa ruwa kafin a share kashinsu don kada ƙura ta tashi.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na sa tokar, kuma sawun babbar dabba ne da jan wutsiya a babban ramin, ƙananan kuma na ɓeraye. Malam magini, ƙarfina ba zai kai ga raga da daɓe a lokaci guda ba, da wanne zan fara?

Maginin:

Ki fara da duro da tarko na tsawon mako guda, domin idan aka rufe ramukan alhali suna ciki, ta tsakiyar ɗakin za su ɓullo. Ki cusa busasshiyar ciyawa a bakin kowane rami, wanda ya kwana uku ba a ture ciyawarsa ba, babu dabba a cikinsa, sai a cika shi da tsakuwa da siminti. Bayan nan ki sa kuɗinki a daɓen ciki, tunda gafiya tana iya faro raminta daga nesa ta bi ta ƙarƙashin ragar waje, amma ba za ta huda kankare ba. Ragar kuma ki fara da bangon gabas da ke kallon gonar, sauran ɓangarorin ki cika su da kuɗin ƙwai kafin ruwan farko ya sauka.