"Shari'a saɓanin hankali": kuka ne ko hujja?

Tsohon Akawu: Jama'a, wata muhawara ta haɗa ni da ƙanena jiya a shago. Yana cewa "shari'a saɓanin hankali" kuka ne na wanda aka kayar a kotu. Ni kuwa yadda na ji daga bakin mahaifinmu, nufinta alƙali ba ya hukunci da abin da zuciyarsa ta raya masa. Ko duk gari sun san wanda ya saci akuya, in babu shaida sai ya sallame shi. Abin da ya tayar da zancen shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, da ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye.

Uwar Biyu: Baba, ai wannan hukuncin hankali ya bi, bai saɓa masa ba. Shekara nawa gwamnoni suna naɗa kantomomi suna riƙe kuɗin? Mijina ya yi aikin ƙaramar hukuma, akwai watan da rabin albashi aka ba su, aka ce "daga sama ne". Sashe na 7 na tsarin mulki ya ce zaɓaɓɓu za su riƙe ƙananan hukumomi. Kotu ta tsaya a kansa.

Ɗan Kurmi: Hajiya, a kan kantomomi ban musa miki ba. Amma buɗe sashe na 162(6). Da bakinsa ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa, a zuba kason ƙananan hukumomi a ciki. Mai Shari'a Emmanuel Agim da ya karanta hukuncin ya kafa hujja da cewa gwamnoni sun ɓata hanyar, don haka a bi manufar dokar. To, in rubutu ya ce dama, alƙali ya ce hagu don hagu ta fi kyau, wa ya gyara tsarin mulkin? Sashe na 9 ya ba majalisar tarayya wannan aiki, da amincewar majalisun jihohi 24. Nan nake tsoron garin neman gira a rasa ido.

Uwar Biyu: Majalisun da ke aljihun gwamnonin? An kai musu gyaran nan, suka ƙi. Sai mu zauna jiran gawon shanu?

Tsohon Akawu: Ɗana, kai ka fi kusa da fassarar mahaifinmu. Ku tuna Zamfara a 2019. APC ta lashe zaɓe, kotu ta ce ba ta yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta tanada ba, ƙuri'unta duka suka zama na banza, Bello Matawalle na PDP ya hau kujerar gwamna. Ranar na ji ana ta wannan karin maganar a bakin tasha, cikin takaici. Amma can doka aka bi ƙeƙe-da-ƙeƙe.

Ɗan Kurmi: Shi ne fa, Baba. In an bi harafi mun sha kaye, mu ce saɓanin hankali. In an tsallake harafi mun ji daɗi, ba mai tuna maganar.

Uwar Biyu: Ni dai ban ce a tsallake ba. Cewa na yi wanda ya rubuta asusun haɗin gwiwa bai rubuta shi don a wawure ba. Bari maigidan ya dawo daga masallaci, in tambaye shi ko kuɗin sun fara sauka kai tsaye a tasu ƙaramar hukumar.