Da wane ma'auni za a gane cewa manhajar karatun likita ta yi aikinta?

Likitan Gunduma, Tawa

Assalamu alaikum malamaina da abokan aiki. Shekara tara ke nan ina aiki a wani asibitin gunduma a jihar Tawa, kuma kwanan baya aka aiko mana takardar tambayoyi ana neman ra'ayinmu game da gyaran manhajar karatun likita. Na kwana biyu da ita ban cika ba, domin tambayoyin duka a kan yawan awoyin kowane darasi suka tsaya, alhali abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne.

A gardina na farko, wato kwanan aiki a asibiti, bayan na kare kundina na kammala karatu, cikin zafin watan Maris, aka kawo yaro ɗan shekara huɗu wuyansa a sanƙare, jikinsa kamar garwashi. Na haddace sunayen ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau, na san maganin da adadinsa, amma sau biyu kacal na taɓa ganin an ɗebi ruwan ƙashin baya, kuma ban taɓa riƙe allurar da hannuna ba. Wani tsohon majo, wato babban ma'aikacin jinya, shi ne ya lanƙwasa yaron, ya kama yatsana ya ɗora tsakanin ƙasusuwan, ya ce, "Dokta, nan za ka soka." Har yau ina yi masa addu'a. Tambayata ita ce, ta yaya za a tsara karatu, a kuma auna shi, yadda takardar shaidar da aka miƙa wa sabon likita za ta zama shaida ce ta abin da hannunsa ya iya?

Malama a Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka bayyana yana da suna a ilimin koyar da likitanci. A 1990 George Miller ya kasa ƙwarewar likita hawa huɗu: ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna ya iya, sannan ya yi a gaban maras lafiya na gaske. Jarrabawar rubutu da ta zaɓen amsa hawa biyu na ƙasa kawai suke aunawa, kuma ɗalibi, a ko'ina yake a duniya, abin da za a tambaye shi ranar jarrabawa shi yake karantawa. Saboda haka duk gyaran manhajar da bai taɓa jarrabawa ba, a takarda zai tsaya.

Tun 1975 Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee suka bayyana jarrabawar da masu Faransanci ke kira ECOS, inda ɗalibi yake zagaya tashoshi, a kowace ya yi ƴan mintuna yana aiki guda, ko ɗinke rauni a jikin mutum-mutumi ko bayyana wa uwa yadda za ta ba ɗanta magani, malami yana duba shi da jerin maki iri ɗaya ga kowa. Tana da tsada, wannan kam babu ɓoyewa: tasha goma tana bukatar malamai goma a tsaye yini guda, ga kayan aiki, ga masu kwaikwayon marasa lafiya. Duk da haka ina ganin ta fi arha a kan yaron da zai faɗa hannun likitan da bai taɓa riƙe allura ba. Shawarata ita ce a fara daga rajistar asibitocin gunduma irin naku, a fitar da abin da ya fi kawo mutane da abin da ya fi kashe su, wato zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, tamowa, ciwon haƙarƙari, zubar jini bayan haihuwa da jijjiga, sannan a rubuta ayyukan da dole ɗalibi ya nuna ya iya kafin ya fita. Maganar awoyi daga baya take zuwa.

Tsohon Likitan Fiɗa

Ƴata Malama ta yi magana mai kyau, amma ina jan hankalinku kada garin neman gira a rasa ido. Rahoton Abraham Flexner na 1910 ya ɗora karatun likita a Amurka bisa ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, ana ta sukarsa yanzu, amma a wurin da babu na'urar hoto kuma ɗakin gwaji ya rufe da magariba, wannan ilimin ne kaɗai ke rage wa likita ya yi tunani da shi. Wanda aka koya wa matakai ba tare da dalilansu ba, ranar da maras lafiya ya zo da abin da ba ya cikin jerin, sai ya tsaya cik.

Ku tuna kuma ba mu kaɗai ba ne. Hukumar CAMES da ke Wagadugu, mai kula da ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka da dama, tana duba takardun shaidar jami'o'inmu, hukumar lafiya ta Afirka ta Yamma da ke Bobo-Dioulasso ta yi aikin daidaita manhajar likitanci tsakanin ƙasashen yankin, kuma ƴaƴanmu suna zuwa Dakar da Kotonu da Rabat neman ƙwarewa. A gyara, amma a bar musu ƙofar nan a buɗe.

Ungozoma, Tawa

Likitocinmu, ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ba makarantarku na yi ba. Shekara ashirin ina karɓar sababbin likitoci a ɗakin haihuwa, kuma inda na fi ganin suna tuntuɓe shi ne wurin tambayar mace abin da ke damunta. An koya musu komai da Faransanci, ga mace ta zo tana Hausa ko Zabarmanci ko Fillanci ko Buzanci. Idan ta ce tana da sanyi, ba bargo take nema ba, ciwon mata take nufi, idan kuma ta ce zuciyarta na tashi, amai ne ke taso mata. Mai cikin fari kuwa kunya ba za ta bar ta ta yi magana a gaban uwar mijinta ba, sai ka san yadda za ka fitar da tsohuwar waje ba tare da ka ɓata mata rai ba. Yanzu da kundin sabunta ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, me zai hana a sa tasha ɗaya a wannan jarrabawa da Malama ta ambata, wadda za a yi ta da harshen gida? Kuma idan ana son sanin ko ɗalibi ya iya aiki, a tambaye mu, mu da muke kwana da shi a gardi.

Ɗalibi ɗan shekara ta shida

Ina gaida malamaina da Inna ungozoma. Littafin da ake sa mana hannu a kan ayyukan da muka yi yana nan, sai dai idan mun taru a kan gado ɗaya, na baya ƙeyar na gaba kawai yake gani, kuma a ƙarshen wata hannu ɗaya ake sa wa kowa. Tun da yanzu bayan Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai akwai sassan koyon likitanci a Maraɗi da Damagaram, kuma jami'o'i irin na Jimma a Habasha da Gezira a Sudan sun daɗe suna tura ɗalibansu karkara, ina roƙon a riƙa rarraba mu asibitocin jihohi da na gundumomi, a ba mu masauki da malamin da zai tsaya a kanmu.

Likitan Gunduma, Tawa

Na gode muku duka. Baba, na karɓi gargaɗinka, ba zan nemi a rage ilimin tushe ba. A bayan takardar zan rubuta ayyuka goma sha biyu da nake ganin bai kamata a sallami ɗalibi ba sai an gan shi ya yi su da hannunsa, in haɗa da maganar Inna ta harshe, in kuma nemi a riƙa dawowa bayan shekara guda a tambayi sababbin likitoci da shugabanninsu abin da ya gagare su. Ƙanena ɗalibi, muna da ɗaki biyu a bayan asibiti da babu kowa a ciki, kuma daga Agusta zuwa Oktoba ɗakin yaranmu ba ya rabuwa da masu zazzaɓi. Malama, idan kina da samfurin takardar maki ta tashar ɗibar ruwan ƙashin baya, ina so in gwada ta a kan sababbin likitoci biyu da aka turo mana bana.