Hannuwana sun ƙi jituwa a Arabesque ta farko ta Debussy

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kaɗa fiyano. Taimakonku nake nema a kan Arabesque ta farko ta Claude Debussy, makaɗin Faransa, wadda ta fito a 1891. Farkonta bai ba ni wuya ba, amma daga gaɓa ta 6 na maƙale. A nan hannun dama yana gangarowa da sauti uku-uku, na hagu kuma yana hawa da biyu-biyu, duk a bugu ɗaya. Kowanne shi kaɗai yana tafiya sumul. Da zarar na haɗa su, sai na hagu ya bi na dama ya koma uku.

Lissafin na gane shi: a kasa bugun gida shida, dama ta sauka a 1, 3 da 5, hagu a 1 da 4. Da metronom (na'urar ƙirga bugun kiɗa) a hankali ina iyawa, sai dai kiɗan ya bushe ƙayau, alhali kamar ruwa ya kamata ya gudana, kuma wannan gudanar ce ta sa na kamu da son sa. Ina ƙara sauri, sai komai ya watse.

Waɗanda kuka wuce wannan gaɓar, yaya kuka daina ƙirga har kunne ya karɓi aikin? Feda kuma fa (abin takawa da ke tsawaita sauti), in fara taka ta tun yanzu ko in jira hannuwan su daidaita?