Ma'aunin iska a ƙolin jigon da ake kwantarwa kullum: mai waya ko maras waya?

Mai_Filafili:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai samfurin Catalina 22, wanda nake ajiyewa a kan tirela a gida, in ja shi da mota zuwa Tafkin Erie idan yanayi ya yi kyau. Ke nan duk fita sai na tayar da jigon jirgin, wato dogon sandan da ke ɗauke da filafilai, a bakin ruwa, in kuma kwantar da shi kafin in hau titi. A yanzu kibiyar Windex kaɗai ce a ƙolin jigon, tana nuna mini inda iska ta fito amma ba ta gaya mini ƙarfinta, ni kuwa ina son in riƙa sanin lokacin da ya kamata in rage filafili tun kafin jirgin ya fara karkata sosai, musamman idan yara suna ciki. Shin gara in sayi ma'aunin iska mai waya in ratsa kebul ɗinsa ta cikin jigon, ko kuwa maras waya mai aiki da hasken rana? Tsawon jigon kusan mita 7.5 ne, na alminiyum, kuma akwai eriyar rediyon VHF da fitilar anga a kansa. Wanda ya taɓa yin wannan aiki ya taimaka da shawara, Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Matuƙi:

Wa alaikumus salam, Malam. A ganina maras waya ya fi dacewa da kai, kuma dalilina shi ne yawan tayarwa da kwantarwa. Masu manyan jiragen da ke kwana a ruwa suna haɗa fulogin kebul a gindin jigo su manta da shi har ƙarshen shekara, kai kuwa za ka riƙa cirewa da mayarwa a kowace fita, da jiƙaƙƙen hannu, cikin hanzari, ga layin motoci a bayanka a gangaren saka jirgi. 'Yan ƙarafan cikin fulogin sirara ne, suna lanƙwashewa, danshi yana shigarsu su yi kore, kuma ranar da ka manta ba ka cire shi ba kafin ka kwantar da jigon, kebul ɗin zai tsinke daga tushe.

Kamfanin B&G suna da WS320, Garmin suna da gWind maras waya, Raymarine kuma suna da nasu tun da suka sayi kamfanin Tacktick a 2011. Duka suna da ɗan farantin sola da batir a jikinsu. Akwai kuma irin na Calypso, wanda ba shi da kofuna masu juyawa, yana auna iska ne da sautin da kunnen mutum ba ya ji, ya aika sakamakon zuwa wayar hannu ta Bluetooth.

Ko wanne ka zaɓa, ka tabbata yana cirewa daga mazauninsa da hannu, kuma kada ka taɓa hawa titi da shi a kan jigon. Idan mota tana gudun kilomita 90 a awa, na'urar tana fuskantar iskar da ta kai kusan not 49 (not shi ne ma'aunin gudu na masu jirgin ruwa), na tsawon awanni, alhali tana kwance a gicciye, ba yadda aka ƙera boris ɗinta ya ɗauki nauyi ba, ga girgizar hanya. Ƙari a kan haka, ƙolin jigon shi ne ke leƙawa bayan jirgin idan an ɗaure shi a tirela, don haka shi ne farkon abin da zai taɓa reshen bishiya ko bangon gareji idan kana ja da baya. Ka samo akwati mai soso a ciki, ka sa cire na'urar ya zama aikin farko da zarar jigon ya kwanta.

Mai_Gyaran_Lantarki:

Na yarda da abin da Baba ya faɗa game da titi, amma ina da ja a kan cewa maras waya ya fi a kowane hali. A yankin manyan tafkunan Amurka jirgi yakan shafe watannin hunturu a ajiye, kuma na'urar da ta dogara da rana idan ta daɗe a rufe cikin akwati batirinta yana yin ƙasa, sai an shanya ta a taga kafin a fara fita. Batirin ma yana da iyakar shekarunsa. Mai waya kuwa daga batirin jirgi mai bolt 12 yake shan wuta, kuma a ƙaramin jirgi irin naka Malam, gyaransa a tsaye a ƙasa ake yi, ba sai an ɗaga mutum sama da igiya ba. Tun da kana da kebul na eriya da na fitila da kake haɗawa a gindin jigo, ƙarin guda ɗaya ba sabon aiki ba ne, muddin ka sayi fulogi mai hana ruwa shiga, mai murfi a ɓangarorin biyu, ka riƙa shafa masa giris na lantarki.

Idan ka bi wannan hanya, ga inda mutane suka fi samun matsala. Na farko, kebul ɗin da aka saki haka nan cikin jigo yana dukan bango duk lokacin da jirgi ya yi rangaji, kuma igiyoyin ɗaga filafili, idan ta ciki suke bi, suna goge shi har su ci rigarsa. Idan akwai bututu a ciki ka bi ta nan, idan babu sai ka ɗaura maɗaurai na roba guda uku a wuri ɗaya, kowane jelarsa na kallon wani ɓangare, kada ka yanke jelar, ka maimaita haka a kowane rabin mita ko makamancinsa, su za su riƙe kebul ɗin a tsakiya. Ka kuma ɗaure shi da kyau a can sama domin kada nauyinsa ya rataya a kan mahaɗar, ka sa zoben roba a kowace huda da zai ratsa.

Na biyu, maganar NMEA 2000, wato tsarin haɗa na'urorin jirgi a kan layin kebul ɗaya, idan kana son ma'aunin ya yi magana da sauran na'urorinka. Ƙa'idar wannan tsari ba ta yarda reshen da ya fita daga babban layi ya wuce mita 6 ba, jigonka kuwa ya fi haka. Shi ya sa wasu na'urorin suke mayar da kebul na jigo ya zama ƙarshen babban layin, da marufinsa mai om 120, wato ɗan abin da ke rufe ƙarshen layin, a can ƙoli. Ma'anar wannan ita ce, duk ranar da ka fita da inji kaɗai ba tare da ka haɗa fulogin jigo ba, layin ya rasa marufi ɗaya daga cikin biyunsa, kuma sauran na'urori za su iya fara yanke bayanai. Ga jirgin tirela na fi son irin wanda kebul nasa na daban yake saukowa zuwa wani ɗan akwati a cikin ɗaki, shi kuma akwatin ya shiga layin.

Na uku ya shafi kowane iri. Sukurori na ƙarfe maras tsatsa idan suka zauna cikin alminiyum tare da danshi, alminiyum ɗin ne ke cinyewa har su cije su ƙi fita, saboda haka ka shafa musu man kariya irin Tef-Gel ko Duralac kafin ka ɗaure. Hannun na'urar gaba yake kallo, domin ya samu iskar da filafili bai riga ya karkatar ba, kuma ka gwada da hannu ka ga kibiyar ta zagaya gaba ɗaya ba ta taɓa eriya ba.

Mai_Filafili:

Na gode ƙwarai, Baba da Injiniya. Ban da wata na'ura a jirgin sai GPS na hannu, don haka ina ganin maras waya zan ɗauka, in ajiye shi a taga lokacin hunturu. Amma tun da za a riƙa cire shi ana mayarwa, yaya zan tabbatar yana nuna alƙibla daidai?

Tsohon_Matuƙi:

Mazaunin ne ke riƙe saitin, shi kuwa ba ya motsi, saboda haka ka ɓata lokaci wajen daidaita shi da tsakiyar jirgi tun ranar ɗaurawa. Bayan haka, ka fita da sassafe lokacin da ruwa ya kwanta babu iska, ka tafi miƙe da inji. Iskar da na'urar za ta ji ta tafiyarka ce kawai, don haka dole ta nuna sifiri, wato gaba sak, abin da ya kauce kuma sai ka gyara a allon. Sannan ka tabbatar ta hanyar tafiya da filafili: ka matse iska ta dama, wato ka fuskance ta iyakar yadda jirgi zai iya, ka juya ka matse ta hagu da saiti iri ɗaya. Idan ɗaya ya nuna digiri 35 ɗayan 45, kuskuren digiri 5 ne.

Ka kuma sani, Malam, cewa lambar da za ka gani ta iskar da jirgi ke ji ce, wato ainihin iska haɗe da gudun jirgin. Tana ƙaruwa idan kana fuskantar iska, tana raguwa idan iskar na bayanka. Idan kana gudun not 5 da iska a bayanka allon ya nuna 12, ainihin iskar 17 ce, kuma da ka juyo za ka ji fiye da 20. Tun da yara suna tare da kai, ka haɗa wannan lissafi da gudun da GPS ke nunawa, ka rage filafili kafin ka juyo gida.