Harawa ta ƙare, rufin garke ya ruɓe: da wanne zan fara kafin ruwa ya sauka?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwo. Ina wani ƙauye a gefen Ɗanbatta. Ina da jajayen awaki 4, biyu daga ciki suna da ciki ya tsufa, da wani matashin bunsuru, da tunkiya ɗaya 'Yankasa, sai kaji da zabi. Bazara ta kama sosai, daji ya yi fari fat, sai su fita tun safe su dawo ciki a lafe. Harawar waken da muka ɗora kan soro da kaka ta ƙare, saura 'yar ta gyaɗa da nake tsakura musu da yamma. Babbar uwar, wadda ita ce tushen garken nan, har ƙashin bayanta ya fara fitowa, abin yana damuna ƙwarai.

Ga kuma garken nasu. Gara ta cinye dirkoki biyu, jinkar ta ruɓe, kana ciki kana hango sama. Bara da ruwa ya zauna wurin ya koma caɓi, suka yi ta tari da ɗingishi har kaka. Maigida yana can yana sharar gona da kai taki, abin hannunsa ya tafi ga iri da takin zamani, ba zan ɗora masa wannan ba. Na ɗauki adashi, amma ba zai isa abinci da rufi gaba ɗaya ba. Don Allah da wanne zan fara?

Baba Na Gindin Gawo:

Wa alaikumus salam 'yata. Abinci ne farko. Akuya wata 5 take ɗaukar ciki, kuma a makonni 6 na ƙarshe 'ya'yan suka fi girma, lokacin ne take buƙatar abinci fiye da kullum. In ta haihu a rame nono ba zai zo ba, 'ya'yan su fito ba ƙwari, ruwan farko ya kwashe su. Ki ware masu cikin nan ki riƙa ba su nasu daban, in ba haka ba bunsurun ne zai ture su ya cinye. Dusar gero ko ta masara da ƙowar wake, a yayyafa ruwa, a barbaɗa ɗan gishiri ko kanwa. Kada ki cika musu kwano rana ɗaya don tausayi, kumburin ciki yake kawowa. Kaɗan kaɗan ake ƙarawa.

In akwai gawo kusa da ku, tura yara su tsinto 'ya'yansa da sassafe kafin dabbobin gari su riga su. Yanzu ne yake zubar da su, kuma ba abin da ya kai su riƙe akuya a bazara. Shi kuwa bunsurun, ni da ni ne da na kai shi kasuwa ranar Lahadi. Biyu daga cikin awakinki sun riga sun ɗauka, ba aikin da zai yi miki yanzu sai ci, kuma bunsuru ba ya wuya a gari.

Malamin Dabbobi:

Hajiya, maganar Baba haka take, sai dai ki cire wani abu daga kuɗin don rigakafi. Cutar PPR, mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki, tana iya share garke cikin kwanaki, alhali allura ɗaya tana kare dabba shekara 3 ko fiye. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin allurar, tana yin rigakafin cututtukan kaji ma. Kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, don haka ku haɗu da maƙwabta ku kira ma'aikaci rana guda. Maganin tsutsar ciki kuma a ba su farkon damina, amma ki gaya masa wace ce ke da ciki, domin maganin tsutsar da ake kira albendazole ba a ba dabbar da cikinta yake sabo. Ki tsince ledojin da ke tsakar gida, yunwar bazara ke sa su haɗiye su. In ruwa ya sauka kuma ki hana su gyauron dawa, yana kashewa nan take.

Inna Ta Maraɗi:

'Yar'uwa, ni ban yarda a bar garken nan haka ba. Jar akuya tana jure rana da ƙishi, amma ba ta jure laima. Da an yi shuka mai gari zai sa a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, to a cikin wannan caɓin za su wuni su kwana a turke, da jarirai a ƙarƙashinsu. Kuma gyaran bai kai tsadar da kike tsoro ba, in ba kwano kika ce sai kin sa ba. Ki fara kwashe takin da ya taru a ciki, maigidanki ma zai yi murna da shi a gona. Sai yara su ɗebo ƙasa mai tsakuwa a cike wurin ya ɗara tsakar gida tudu, a daɓe, a ja 'yar hanyar ruwa ta baya. Dirka ki nemi ta darbejiya, a babbaka gindin a wuta kafin a kafa, gara ba ta saurin kama ta. A shimfiɗa leda mai kauri kafin a ɗora sabuwar ciyawa, a ɗaure tam saboda iskar farkon damina. Ni haka na yi wa nawa, da taimakon ƙannen mijina, tuwon rana kawai na yi musu.

Zabinki kuma sun kusa fara ƙwai. Ki bi su ki gano inda suke zubawa, ki sa wa kaza mai kwanci, wajen kwana 28 take ƙyanƙyashe su, kuma ta fi zabuwa riƙon 'ya'ya nesa ba kusa ba.

Uwar Biyu:

Allah Ya saka muku da alheri. Mun yi shawara da maigida, bunsurun zai tafi kasuwa, kuɗinsa su yi dirkoki da leda da ciyawar rufi, na adashin kuma su tafi ga dusa da ƙowa da allura. Yara sun fara kawo 'ya'yan gawo tun jiya. Malam, ƙaramar akuyar nonon ta ya fara sauka, ina jin ba za ta wuce mako biyu ba. A yi mata allurar tare da sauran, ko a jira ta haihu?