Abin da muka tattara kan fuka a Argungu

A zamanmu da wata ma'aikaciyar jinya, ta bayyana cewa fuka garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri. Ƙurar ƙaiƙayin shinkafa ko hazon hunturu na shiga, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast su saki sinadarin histamin mai jawo kumburi, fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil su taru, hanyoyin numfashi su kumbura, cikin dare ka ji ƙirjin yaro na fito.

Ta nanata cewa abin shaƙa na salbutamol buɗe hanya kawai yake yi. Abin shaƙa mai maganin sitiroyid ke kwantar da kumburin, kada a ajiye shi don an samu sauƙi. Nan muke sakaci, abin yana damuna ƙwarai.

Mahalarta suka ƙara da sa takunkumi wurin casa, da nesanta yaro da hayaƙin murhu. In leɓensa ya yi shuɗi, a garzaya asibiti.