Wane littafi zan ɗauka bayan na daɗe ban yi karatun nishaɗi ba?

Ɗan Alƙalami:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in koma karatun hira na nishaɗi, amma duk littafin da na buɗe sai in tsaya a wajen shafi na 30, ya kwana biyu a ajiye, daga nan shi ke nan. Me kuke karantawa yanzu, kuma da wanne ya kamata in fara? Lokacin da nake da shi bai wuce rabin awa da dare ba.

Malam Mai Tawada:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba sunan littafi za ka fara dubawa ba, ƙirarsa za ka duba. Wanda ya daɗe bai yi karatu ba numfashinsa gajere ne, idan aka ba shi labari mai babi shafi 40 da mutane ashirin a farko, dole ya yanke. Nemi wanda kowane zama yake da farko da ƙarshe.

Shi ya sa nake cewa ka fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, littafi uku ne. Akwai babban labari da ya rungume sauran, na aku mai ba da labari, amma kowane labarin ciki yana tsaye da ƙafarsa, kana gama shi cikin minti goma zuwa ashirin. Ko ka yi kwana huɗu ba ka buɗe ba, babu zaren da ya tsinke. Dare Dubu da Ɗaya ma haka ƙirarsa take, sai dai shi labari yakan shiga cikin labari har hawa uku, don haka ka bar shi ya zama na biyu.

Sannan ka auna kanka. Sa agogo minti goma, ka ƙirga shafin da ka ci. In ka samu shafi 6, to rabin awarka shafi 18 ke nan, littafi mai shafi 180 kwana goma zai ɗauke ka. Sanin ranar gamawa yana riƙe mutum sosai. Ka nemi littattafai uku a jere da ba su wuce shafi 150 ba kafin ka taɓa mai kauri.

Hajiya Uwar Ɗaki:
Malam ya yi gaskiya, amma ina da ja a wuri ɗaya. Gajerun labarai ba sa jan kowa, domin da labari ya ƙare, sha'awar buɗe na gaba takan ƙare tare da shi. Wani sai an bar shi da tambaya a rai. Irin wannan mai karatu gara ya ɗauki labarin bincike, in yana karanta Turanci. And Then There Were None na Agatha Christie, na 1939, mutum goma ne a tsibiri ana kashe su ɗaya bayan ɗaya, babu hanyar fita. Tambaya ɗaya ce tun daga farko, ita ke tura ka. Matsalarsa guda: mutum goma suna shigowa kusan a lokaci ɗaya, a nan mutane ke rikicewa. Maganin shi ne ka yanki ƙaramar takarda, ka rubuta sunan kowa da kalma biyu a kansa, wannan alƙali ne, wancan likita, ka sa ta a matsayin alamar shafi.

In Hausa kake so kuma labari ɗaya miƙaƙƙe, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa siriri ne ƙwarai, yana cikin littattafan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, zama uku ya ishe shi. Sai dai labarin bauta ne da rabuwar uwa da ɗa, yana da nauyi a zuciya, kada ka ɗauke shi ranar da kake neman dariya.

Wata dabara kuma: kada ka tsaya a ƙarshen babi. Shiga sabon babi da shafi ɗaya ko biyu, sannan ka rufe. Gobe za ka tarar da abu a buɗe yana jiranka.

Abu Sadiƙ:
Ba ka faɗa mana a takarda kake karatu ko a waya ba, kuma wannan yana da muhimmanci. In a waya ne, yawancin tsayawar shafi na 30 ba laifin littafin ba ne. Fayil ɗin PDF hoton shafi ne a daskare, sai ka yi ta ja da yatsa hagu da dama, ido ya gaji tun kafin labari ya kama ka. Nemi EPUB, shi rubutunsa yana bin girman fuskar waya, ka ƙara girman harafi har layi ya zama kalma shida zuwa takwas, ka mai da bangon launin ƙasa-ƙasa da dare. Ka kashe data gaba ɗaya, domin saƙo ɗaya na WhatsApp ya isa ya cinye rabin awar nan.

Ka kuma duba shafin farko kafin ka sauke littafin Hausa. Kwafin da aka juyo daga hoto sau da yawa yakan zubar da ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ, ko ya mai da su wasu alamomi, sai ka dinga tsayawa kana tantance ƙafa ce ko kafa. Wannan tuntuɓen yana gajiyarwa ba tare da ka lura ba. Littattafan da ake sakin su kashi-kashi a manhajar karanta labarai ta Wattpad kuwa, ka zaɓi wanda aka rubuta an kammala, kada ka shiga jiran marubuci.

Ɗan Alƙalami:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara sani. A waya ne, kuma a kwance. In littafi bai kama ni ba fa, yaushe zan haƙura da shi?

Hajiya Uwar Ɗaki:
Kwanciyar ce ta fara cin ka, ƙanena. Zauna a kujera, fitila ta bayan kafaɗa in takarda ce. Littafi kuwa ka ba shi shafi 50, ko kashi ɗaya cikin huɗu in siriri ne. In har a nan ba ka damu da abin da zai faru da kowa a ciki ba, ajiye shi, ka buɗe wani a daren, kada ka bari a kwana babu littafi a hannu. Gibin kwana biyu tsakanin littafi da littafi shi ke mai da mutum gidan jiya, don haka ka tanadi na gaba tun kana tsakiyar na yanzu.